Wanda ya taɓa taka tsoffin ramukan zinariya na arewacin Sudan ya ba mu labari

Ɗan Gadarif: Assalamu alaikum. Ƙanena ya samu na'urar neman zinariya, irin wadda dahhaba, wato masu neman zinariya, ke kira jihaz, abokinsa ne ya bar masa. Yana da shagonsa, ba sana'a zai mai da abin ba. Sha'awa ce ta kama shi, yana so idan ƙasa ta lafa su hau boksi, wato mota a-kori-kura, su zagaya tsoffin wuraren haƙa da aka watse aka bari. Hujjarsa ita ce mutanen dauri ba su da na'ura, don haka dole sun bar wani abu. Ni ban taɓa wuce Atbara ba. Don Allah wanda ya je da ƙafarsa ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Baffa na Mai Wurno: Wa alaikumus salam, ɗana. Na je a 2012, bayan da Sudan ta Kudu ta ɓalle ta tafi da yawancin man fetur, kowa ya juya fuska arewa. Daga Abu Hamad muka yanki sahara zuwa wajen Wadi Gabgaba, mu shida da jihaz ɗaya.

Abin da na fara gani a tsohon wurin shi ne duwatsun niƙa. Suna nan zube kamar jiya aka tashi daga kansu, wasu dogaye masu lotsawa a tsakiya irin na kakanninmu, wasu kewayayyu da huda a tsaka. Na sa tafin hannuna cikin lotsawar ɗaya, sumul kamar cikin ƙwarya. Sai da jikina ya yi sanyi, don na san hannun mutane nawa ya ƙare a kan dutsen nan kafin ya lotsa haka.

Ka gaya wa ƙanenka mutanen dauri ba wawaye ba ne. Jijiyar farin dutsen da zinariya ke bi, sun bi ta har inda numfashinsu ya kai. Abin da suka bari gari ne a cikin dutse, wanda jihaz ba ya ji. Abin da jihaz ke ji a bakin tsohon rami kuwa, ƙusa ce, da gwangwanin kifi, da kwanson harsashi. Kwana huɗu muna tonon gwangwani. Sai wani Ba'abbade, ɗan ƙabilar Ababda, da ke kiwon raƙuma ya ce mu bar bakin ramin mu gangara kwarin da ke ƙasansa, inda ruwan sama na shekaru ya wanko ƙasa. Can muka samu, 'yan ƙwayoyi kamar tsabar dawa, ɗaya ta kai ƙwayar wake. Da muka sayar muka cire kuɗin mai da ruwa da rabon mai na'ura, abin da ya zo hannuna bai kai na noman riɗi na damina ɗaya ba. Amma ban yi da-na-sani ba, na ga ƙasa.

Direba daga Port Sudan: Baffa ya yi gaskiya. Ni na yi shekaru ina kai dahhaba, abin da zan ƙara shi ne ruwa. Mutum ba ya mutuwa a can don rashin zinariya. Kada mota ɗaya ta shiga ita kaɗai, sai biyu. Jarkokin ruwa su fi abin da kuka lissafa, ku ƙara na kwana uku a kai. Na taɓa tarar da boksi ta kafe a yashi, mutane huɗu a ƙarƙashinta, sun kai ga shan ruwan lagireto. Allah ya sa da sauran kwanansu. Sannan ƙasar da kuke gani fayau tana da masu ita. A duwatsun Bahar Maliya ta ƙabilar Bija ce, kowane kwari da kowace rijiya akwai dangin da ke da su. Ku yi sallama, ku sha jabana, wato gahawa, tare, ku ɗauki ɗan jagora daga cikinsu. Kuma tun da yaƙin nan ya ɓarke a Afrilun 2023, ni ba zan ba kowa shawarar yawon sha'awa da na'ura a mota ba. A shingen bincike ba za a ɗauke ka mai sha'awa ba.

Malamin makaranta, Kassala: Ni abin da ya kai ni daban ne, tarihi nake koyarwa. Na je Derahib da ke Wadi Allaƙi, inda kangon ganuwa biyu ke tsaye har yanzu da layin gidajen dutse. Wasu 'yan'uwa biyu 'yan Italiya ne suka sake fito da sunan wurin a 1989. Tun zamanin Fir'aunoni ake haƙar zinariya a yankin nan, Larabawa suka zo suka ɗora a ƙarni na 9, Turawan Ingila ma suka buɗe wasu tsoffin ramukan a farkon ƙarni na 20, irin na Jabait a duwatsun Bahar Maliya. Wato hannu uku ko huɗu ya riga ƙanenka.

Abin da ke ci mini rai shi ne ɓarna. Na ga kabarin dutse an tone shi da loda don jihaz ya yi kuka a kansa, ƙasusuwan bayin Allah a waje, tukwane a farfashe. A 2020 masu neman zinariya suka shiga Jabal Maragha a saharar Bayuda, wurin da ya kusa shekara 2000, suka haƙa rami mai zurfin mita 17 da motocin tono, suka shafe shi. Dutsen wurin ne ke da ƙarfe a jikinsa, shi ke sa na'ura kuka. Ɗan'uwa, idan ƙanenka ya ga tsibin duwatsu a jere ko kasko mai zane, ya ɗauki hoto ya wuce.

Na Damazin: Malam, Allah ya saka. Ni na shiga ramin, shi ya sa na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Da igiya aka zura ni, tocila a goshi. Kamar gaba goma ƙasa sai ramin ya kwanta ya zama lungu, sai da rarrafe. Katakon da aka tokare rufin da shi na taɓa da yatsa, ya zube kamar garin tuwo. Ban yi nisa ba na ji kaina yana sarawa, ƙirjina ya yi nauyi, ga wani barci mai daɗi yana jana. Iskar ƙasan ce ta mutu, ba ta da wari balle ka ankara. Na ja igiya sau uku kamar yadda muka yi alkawari. Da aka fito da ni ban san inda nake ba sai bayan la'asar. Abokina da ya shiga wani ramin a mako na gaba, gefen ne ya rufto masa. Da hannu muka yi ta tono har dare, gawarsa muka ciro. Yana da 'ya'ya uku. Kun tuna Disambar 2021 a Kordofan ta Yamma, mutum 38 suka rasu a mahaƙar da aka riga aka rufe. Ka roƙe shi, ya yi yawonsa a sama, kada ya sauka.

Yayarku a Atbara: Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Ni ban je sahara ba, saharar ce ta zo mini gida. Maigidana yakan kawo dutse a buhu, a kai tahuna, wato injin niƙa, a niƙa, a wanke da zaiba a baho, a matse a ƙyalle, sai ya zo ya ƙona curin a kan gawayi a tsakar gida, yara na wasa kusa. Ba mu san hayaƙin ne dafin ba. Yanzu in zai sha shayi sai ya riƙe kofin da hannu biyu saboda rawa, dasashinsa na jini, ga mantuwa. Da na ji yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 saboda niƙa dutsen zinariya a cikin gida, sai da na yi kuka, don turminmu ma ya daka dutse. Ƙanena, in ya tsinci ƙwaya a kwari ya sa a aljihu, to. Amma kada dutse ko zaiba su shigo gidan da ake girki.

Ɗan Gadarif: Na gode, Allah ya bar zumunci. Yaya, Allah ya ba maigida lafiya. Na karanta masa duka a shago, ya yi shiru a kan maganar Na Damazin, ya ce rami kam ya haƙura. Har yanzu dai yana son ganin duwatsun niƙan nan da Derahib. Direba, in hanya ta buɗe, wane wata ne zafi ke sauka a can, kuma daga Abu Hamad ya fi ko daga wajenku?