Wai da gaske jirgin sama na gano zinare a ƙarƙashin ƙasa?

Sabon shiga:
Salam jama'a, dan Allah masu ilimin duwatsu a taimaka min. Na ji ana cewa kamfanonin ma'adinai suna tashin jirgi ko helikwafta ƙasa-ƙasa yana ta kai-komo a kan daji, wai daga sama na'ura ke nuna musu inda zinare yake. To in haka ne me ya sa suke kwashe shekaru suna huda ƙasa kuma?

Tsohon ma'aikacin fili:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa na'urar ba ta ganin zinare ko kaɗan. Shi zinare maganaɗisu ba ya jansa, kuma dutsen da ake cewa ya yi arziki ma giram kaɗan ne a cikin tan guda, to me jirgi zai hango? Abin da na'urar jirgin, wato magnetomita, ke aunawa ƙarfin maganaɗisun ƙasa ne, dutse mai magnetait (wani ma'adinin ƙarfe da maganaɗisu ke ja) ya ɗaga shi, wanda babu ya sauke. Jirgin layi-layi yake bi, sau da yawa ko mita 100 bai kai ba daga ƙasa, in aka harhaɗa layukan sai taswira ta fito ka ga inda duwatsu suka tsage ko da rairayi da itatuwa sun binne wurin. Ta irin tsagar nan ruwan zafi ya bi tun fil azal ya ajiye zinaren, kuma ruwan yakan cinye magnetait ɗin da ke hanyarsa, shi ya sa in muka ga siririn layi inda awon ya faɗi sai mu sa masa ido.

Ɗalibar jiyoloji:
Ƙari kaɗan Malam, akwai na'urar gamma mai auna tiririn da ke fitowa daga sinadaran fotasiyam, toriyam da yuraniyam, amma fa saman ƙasa kawai take karantawa, kamar santimita 30. Sai ta lantarki mai neman salfaid (ma'adinai masu farar wuta a ciki) da kan zauna tare da zinare, ita kam tana yaudara sosai, girafait (baƙin cikin fensir) ko ruwan gishiri ma sai su ba ka alama mai kyau.

Sabon shiga:
Ikon Allah, ashe dai ba makawa sai an huda.

Tsohon ma'aikacin fili:
Dole. A ɗebi samfurin ƙasa, a huda, a kai lab. Ni akwai alamar da muka bi wata uku muna murna, bututun huda na fitowa sai ga girafait baƙi ƙirin.