Aikin kwana-kwana na jiran kira: in sa hannu ko in haƙura?

Ɗanlami: Assalamu alaikum. An yi mini tayin aikin kashe gobara irin na jiran kira: ina kan sana'ata, in na'urar kira ta yi ƙara in ruga tasha. Takardar ta ce awa 120 a mako ina kusa, da atisaye dare ɗaya. Damuwata biyu: daga wurin aikina zuwa tasha minti bakwai ne, kuma ban ga inda aka ambaci fansho ba. Litinin suke son amsa.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ka ce su nuna maka kayan da za ka sa. Leƙa tambarin cikin rigar ka ga shekarar da aka ɗinka ta. A ƙa'idar NFPA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin kariya daga gobara a Amurka, in ta cika shekara 10 an daina shiga wuta da ita, ko da a sito ta yi zamanta. Hawa uku ce, kuma na tsakiya mai tare ruwa shi ke fara lalacewa ba a gani daga waje. Ruwa ya ratsa, zafi ya mai da shi tururi, fata ta dahu. Takunkumin shaƙar iska kuma a gwada shi a fuskarka, don gemu yana hana robar kamawa, hayaƙi ya samu hanya.

Hajiya Ladi: Kuɗin jira dai ba yawa. A Birtaniya kashi 10 cikin ɗari ne na albashin cikakken ma'aikaci ga mai awa 120, sai kuɗin kowace fita daban.

Injiniya: Hajiya, wannan tsohon lissafi ne. Tun Janairun 2025 mai awa 120 kashi 15 yake karɓa, kashi 10 na mai awa 61 zuwa 90 ne.

Baba Tanko: Ku bar zancen kashi-kashi. Akwai dattijon da ya haura shekara ashirin yana wannan jira, bai taɓa nisa da gari ba, biki da jana'iza duk da na'ura a ƙugu. Ranar da gwiwa ta gaza aka karɓi hular kwano da takalmi, aka yi masa godiya. Da ya nemi fansho sai aka ce ba a taɓa cire masa ko sisi ba, don haka babu. Takardun shekarunsa na farko ma an ce sun ɓace. Wuta ɗaya suka shiga da cikakkun ma'aikata, hayaƙi ɗaya suka shaƙa, yau magani ma sai 'ya'ya sun haɗa.

Hajiya Ladi: Allah sarki. Irin wannan ce ta kai ga shari'ar Matthews, ƙarar da wasu masu jiran kira suka shigar, wadda kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci ta yanke a 2006, har aka buɗe wa masu jiran kira ƙofar fansho. Da farko daga 1 ga Yuli 2000 aka ƙirga, sai a 2023 aka sake buɗewa don shekarun da suka gabaci haka. Amma sai mutum ya biya nasa kason na baya, kuma ya tabbatar da shekarunsa. Shi ya sa ake adana takardar albashi ta kowane wata.

Baba Tanko: 'Yata, wanda babu takarda a hannunsa fa?

Sarkin Tsani: Ɗanlami, ka dai shirya fita da kumfar sabulu a ka, na'urar nan ta fi son mutum yana banɗaki!

Injiniya: Tukunyar iskar shaƙa da ake goyawa ma a duba. Lita 6.8 a kan bar 300 (ma'aunin matsin iska), minti 45 ke nan.

Malam Habu: A takarda. Wannan lissafin mai shaƙar lita 40 a minti ne. Mai jan mesa a kan bene yana ninka haka, minti 20 usur ɗin gargaɗin iska ta kusa ƙarewa ya busa, wajen bar 55. Wanda bai goya ta cikin hayaƙi ba ya daina ba sabon shiga lamba.

Injiniya: Malam, masu gyara ta da auna ta su ma sun san abin da suke faɗi.

Ɗanlami: Na gode, iyayena. Maganar minti bakwai ɗin fa?

Hajiya Ladi: Ka tambaye su a rubuce, wurare da yawa minti biyar suke sawa. Kotun Tarayyar Turai a 2018 ta ce jiran wani ɗan kwana-kwana a Beljiyam, mai wa'adin minti takwas na isa tasha, lokacin aiki ne. A 2021 kuma, kan wani na Dublin mai minti goma da aka bar shi yana wata sana'a, ba ta ɗauke shi haka ba.

Baba Tanko: Ni abin da ke ci mini rai wanki ne. Tun 2022 hukumar binciken ciwon daji ta WHO ta sa aikin nan cikin masu haddasa shi. Amma a wasu wurare mai jiran kira riga ɗaya ake ba shi. In ta tafi wanki ba shi da ta fita, sai ya ƙi bayarwa, ya jefa ta bayan mota da baƙin hayaƙinta, yara na zaune.

Malam Habu: A cire ta a wurin gobarar, a ƙulle a leda mai kauri, a goge wuya da hannu kafin a taɓa abinci. Kada ta shiga injin wankin gida. To amma wa zai sayi riga ta biyun?