An rubuta "neat appearance" a sharuɗɗan aiki, me suke nufi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Marwa nake, a arewacin Kamaru. Wata ƙungiyar agaji da ke aiki a sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo ta kira ni ganawa ranar Litinin, aikin karɓar baƙi ne a ofishinsu na cikin gari. Da Faransanci na yi karatu tun firamare, Ingilishina bai taka kara ya karya ba. Cikin sharuɗɗan akwai "neat appearance". Ƙawata ta ce kyawun fuska suke nema, wai har hijabi sai na tuɓe. Wallahi hankalina ya tashi, ni ce babba a gidanmu kuma ina buƙatar aikin nan. Masu Turanci a taimaka don Allah.

Malamin Ingilishi daga Garwa:
Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki. "Appearance" shi ne yadda mutum yake bayyana a idon mai kallo: shigarsa, tsabtarsa, yadda ya kintsa kansa. Kusan ɗaya yake da "apparence" da kika sani, amma a takardar aiki ya fi daidai da abin da ake rubutawa a nan, "bonne présentation". "Neat" kuwa tsaf-tsaf. Da kyawun halitta suke nufi, da "good looks" za ki gani, ko "good-looking". Ki lura kuma, kalmar tana da wani amfani, wato halartar wuri, kamar bayyana gaban alƙali, sai dai ba shi ake nufi a nan ba.

Wata yaya daga Ngaundare:
Ƙanwata, ƙawarki ta faɗi son ranta ne. Da mayafina na yi ganawa, da shi nake aiki har yau. Abin da aka hana a yankinku a 2015, bayan hare-haren garin Fotokol, rufe fuska ne baki ɗaya, ba hijabi ba. Ki sa atamfa mai sanyin launi, a goge ta sosai, hijabi madaidaici wanda ba ya jan ƙasa. Turare kaɗan. Babbar matsalar ita ce babur: kafin ki isa ƙura ta yi wa takalmi da gefen zane fari fat. Ki saka ɗan ƙyalle a jaka, ki isa da wuri ki goge, gumi ya bushe kafin a kira ki.

Ɗalibi a Jami'ar Marwa:
Anti, ƙarin bayani kaɗan. Kada ki ce "outlook" kina nufin shiga, mutane da yawa suna haɗa su. Wannan yadda mutum yake kallon rayuwa ne, ko hasashen abin da ke tafe.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Malam, na gode Yaya. Saura abu ɗaya: akwai lalle a hannuna na bikin makon jiya, bai gama fita ba. Zai zama matsala?

Yaya daga Ngaundare:
Ko kaɗan. Ki dai yanke farce.