Wai Turancinmu na Gana kuskure ne?

Malam Nuhu: Assalamu alaikum 'yan ajin dare na unguwar Aboabo a Kumasi. Na ji ana ta gunaguni kan maganata ta jiya, to bari in maimaita a nan kowa ya gani. Wanda ya tashi zai fita ya ce "I'm coming", "ina zuwa" ya faɗa da kalmomin Bature. Shi Bature in ya faɗi haka, tahowa yake yi wajenka. In fita za ka yi ka dawo, "I'll be right back" ake cewa. Irin waɗannan duk kuskure ne, kuma ina nan kan bakata.

Hajiya Lami: Wa'alaikumus salam, Malam. Ni a kasuwar Kejetia nake sayar da atamfa. Duk wanda na ce wa "I'm coming" zama yake yi ya jira ni in ɗauko masa kaya, har Indiyawa da 'yan Labanan. Abin da kowa ya gane, ta ina ya zama kuskure?

Abdul-Basit: Hajiya ta gama magana. Malam, da girmanka, yaron mota a trotro, wato motar haya, "mate" ne, gidan abinci "chop bar", fitar da jariri ranar suna "outdooring". Haka jaridun Accra suke bugawa, haka ake faɗa a rediyo. Ko ƙamus ɗin Oxford a watan Janairun 2020 ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29, cikinsu har da "okada" da "next tomorrow" da "Kannywood". Masu harshen sun buɗe ƙofa, mu ne za mu rufe?

Malam Nuhu: Ɗana, aikin ƙamus shi ne tara abin da mutane ke faɗi, ya kuma nuna na wace ƙasa ne. Ba Oxford ke duba takardar jarrabawa ba, WAEC ce, kuma hedikwatarta a Accra take. Ka rubuta "next tomorrow" a wasiƙar neman aiki ta jarrabawar WASSCE, mai dubawa zai ja maka jan biro bai tambayi kowa ba. Rabin ajin nan jarrabawa ta kawo su.

Fati: Ni dai ita ta kawo ni. Malam, kada ka saurare su.

Zainabu: Ku bari mu da muke Ingila mu sa baki. A makon farko na shiga kanti na sayi kaya, na ce wa mai kanti ya ba ni "rubber". Ya dube ni, ya nuna mini layin kayan makaranta, inda abin goge rubutun fensir yake. Ledar zuba kaya nake nufi, su kuma "carrier bag" ko "plastic bag" suke cewa. Wata abokiyar aikina ta ce in gode wa Allah ba a Amurka nake ba, don can kalmar tana iya nufin kwaroron roba. Haka "sorry". Tsohuwa ta yi tuntuɓe a ɗakin jinya na ce mata "sorry", wato sannu, sai ta ce ai ba laifina ba ne. "Are you alright?" suke cewa a irin wurin.

Malam Nuhu: Madalla da 'yata. Kun ji daga bakin wadda ta gani.

Zainabu: Tsaya Malam, ban gama ba. Da yamma wani dattijo ya tambaye ni yaushe za a kawo "tea". Na je na haɗo masa shayi da madara. Ashe a arewacin Ingila abincin dare suke kira haka. Mutumin Manchester ne, a nan aka haife shi, ba wanda ya ce ya yi kuskure. Mu da muke kiran Milo "tea" a wajen mai shayi a Asawase, mu ne masu laifi? Su kansu ba baki ɗaya suke ba. "Pants" a yawancin Ingila kamfai ne kamar yadda muka sani a Gana, a Amurka wando ne na fita.

Abdul-Basit: Allah ya biya ki, Yaya Zainabu.

Baba Alhassan: Ku yara kuna ta kan Turanci. Hausarmu ta Zango fa? Ka je Kano ka ce "matata ya zo", dariya za su yi har su riƙe ciki. Mun daina? Da ita muka yi cinikin goro, da ita ake ɗaura aure a Kumasi tun kafin a haifi iyayenku.

Malam Nuhu: Haka ne Baba. Amma jikanka in yana son karanta labarai a BBC Hausa, sai ya koyi "ta zo". In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma sai ka nemi taka ka ɗaura. Ni jelar nake sayarwa, ita kuke biyan kuɗi a kai.

Abdul-Basit: To a ce mana "wannan na gida ne, wannan na jarrabawa". Kalmar "kuskure" ce ke sa manya jin kunyar buɗe baki a aji.

Malam Nuhu: "Mate" da "outdooring" na bar maka su, abin namu ne, Bature ba shi da sunan da ya fi. Amma "borrow me your pen" ko a gaban Sarkin Zango zan ce kuskure ne.

Hajiya Lami: Af, wannan kuma me ya yi? Kullum ina faɗa.

Malam Nuhu: Hajiya, mu kalma ɗaya muke juyawa, "ara mini", "na ara". Su biyu gare su. Mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa "borrow". In kika rubuta "I borrowed Amina 500 cedis" kina nufin kin ranta mata, wanda ya karanta daga waje zai rikice, yana iya ɗauka ke ake bi. "I lent Amina" za ki rubuta.

Hajiya Lami: Inna lillahi. Littafin bashina cike yake da wannan. Fati, gobe ki biyo shago da biro, tun daga shafin farko za mu fara.