Waƙar “500 Miles”: ta wa ce?

Ɗan Fage: Jama'a, a raba mu gardama. Akwai waƙar Turawan nan ta mutumin da jirgin ƙasa ya yi nisa da shi daga gida, ba riga a wuyansa, ba ko sisi a aljihu, kunya ta hana shi komawa. Ni na ce karin waƙar Indiya suka sace, ta fim ɗin Jurm.

Yaya Babba: Ƙanena, duba shekaru mana. Jurm a 1990 ya fito. Mawaƙan Amurka Peter, Paul and Mary sun rera ta tun 1962, a shekarar kuma mawaƙin Faransa Richard Anthony ya yi ta da Faransanci. Rajesh Roshan, mai kiɗan fim ɗin Jurm, ne ya ari karin, aka ɗora masa baitocin soyayya. Mai waƙar Hedy West ce, 'yar jihar Jojiya ta Amurka.

Ɗan Fage: Kai! Ashe Indiyawan ma masu aro ne.

Malama: Yaya, zancen Indiya ka yi gaskiya, amma “mai waƙar” ɗin nan ban yarda ba. An haifi Hedy West a 1938. Tun 1924 makaɗin Amurka Fiddlin' John Carson ya naɗi wata waƙa a faifai, ta mutumin da ke mil 900 daga gida yana jin kukan jirgi. Irin waɗannan waƙoƙi sun daɗe a bakin talakawan kudancin Amurka masu bin jirgi neman aiki, ita ma a gidansu ta taso tana jin tsofaffin waƙoƙi wajen kakarta. In mace ta kai waƙar daka gidan rediyo, ta zama tata ke nan?

Yaya Babba: Malama, saurari biyun. Kari ba ɗaya ba, tafiya ba ɗaya ba. Ta tsinci baitoci a warwatse, ta rage, ta jera, ta sa ƙirgar nan ta mil ɗari, ɗari biyu har ɗari biyar ta zauna a kunne. Wannan aiki ne, ba tsintuwa ba.

Malama: Aiki ne, ban musa ba. A kira ta mai gyara. Amma kuɗin haƙƙin mallaka sunan da ke kan takarda yake bi, su kuwa waɗanda suka fara rera ta a gefen layin dogo ko sunansu ba a rubuta ba.

Yaya Babba: To wa za a biya? Kawo magajinsu.

Ɗan Fage: Ni dai ta Kumar Sanu, wanda ya rera ta a Jurm, ta fi min daɗi, ku ci gaba.