Na tsinci tsohon ƙwan lantarki a adakar Baba: in gwada shi ko in bar shi?

Ɗan Misfala ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce da ni, amma sai kun yi haƙuri na ɗan ja zancen kafin ku ga inda na dosa.

Makon jiya muka kwashe kaya daga gidan da muke haya a unguwar Misfala ta Makka, gidan da aka yanke mini cibiya, za mu koma Shara'i. A ƙarƙashin gadon Inna akwai wata koriyar adakar ƙarfe ta marigayi Baba, wadda tun da ya rasu shekara 11 ke nan ba wanda ya buɗe ta. Makullin ma ya ɓace, sai da na sa sukundireba na ɓalle kwaɗon. A ciki na tarar da tsohon fasfo, carbi mai dubu, filaya biyu, da wani gwangwanin madara da aka cusa wa auduga har baki. Ina zare audugar sai ga ƙwan lantarki kwance kamar ƙwan zabo a cikin ƙaiƙayi.

Ba irin wanda muka saba gani ba ne. A samansa akwai ɗan tsini na gilashi, irin na kan lemon tsami. Zaren da ke ciki baƙi ne, ya kai kaurin gashin wutsiyar doki, ya tashi daga gindi ya yi zobe guda ya dawo. Gindin tagulla ne na murɗawa. Cikin gilashin ya ɗan yi duhu kamar hayaƙi ya shafe shi. Akwai wata 'yar takarda da ta yi ja a manne kusa da wuya, abin da nake iya karantawa a jiki shi ne 110 V da kuma 16 CP.

Inna ta ce Baba ta ƙasa ya zo daga Kano, ya yi damina biyu yana tsinkar auduga a Jazira ta Sudan kafin ya tara kuɗin tsallako teku. Aikinsa na farko a Makka shi ne ɗaukar itrik, wato fitilar nan mai famfo, a ka zuwa gidajen biki. Daga baya ya zama yaron wani tsoho mai gyaran wuta, shi ne ya ba shi ƙwan ya ce ya ajiye. Ni direba ne, abin da na sani game da wuta bai wuce canja fiyus ba. Ƙanena ya matsa sai mu ɗaura shi mu ga ko zai kawo. Ɗana kuma ya nuna mini a waya cewa shagunan gahawa cike suke da irinsa, sababbi fil, wai kada in ɗauki kaina da nisa. To, ya ake gane tsoho na gaske? Kuma in tsohon ne, akwai gidan tarihin da ke karɓar irin wannan, ko dariya za su yi mini?

Injiniyan Zaharan ya amsa:

Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin komai: ka karɓe shi daga hannun ƙanenka. Kada a ɗaura. An rubuta 110, wutar gidajenmu yanzu 220 zuwa 230 ce. Zai yi haske ɗaya kamar walƙiya, shi ke nan zaren ya tsinke, abin da ya yi shekaru yana jira ya tafi a cikin ƙiftawa da bisimilla.

Bayanin da ka yi ya fi kama da na gaske. Tsinin nan da ka gani ta nan ake zuƙe iskar da ke ciki, sannan a narka bakin a toshe. Daga wajen 1920 aka koma zuƙewa ta gindi, tsinin ya ɓace. Baƙin zare mai kauri kuma gawayi ne, wato kabon, kuma duhun da ka ce ya shafi gilashi gawayin ne da zafi ke tayarwa sannu a hankali yana manne wa bango. Ma'ana ƙwan ya yi aiki a wani wuri, ba daga shago ya faɗa gwangwani ba. Ita CP ɗin ƙarfin haske ne da ake aunawa da kyandir: hasken kyandir 16. Kafin a fara rubuta wat, da wannan ake sayar da ƙwai, kuma 16 ɗin nan shi ne wanda aka fi yayi tun zamanin Edison. Na shagon gahawa in ka duba da kyau za ka ga yawancinsu sandunan LED ne masu ruwan ɗorawa, ko siririn zare mai ƙyalli, da tambarin zamani a gindi.

Akwai gwajin da ba ya cutarwa. Ka kai wa mai gyaran wuta ya sa mita a kan om, ma'aunin turjiyar da zare ke yi wa wuta, ya taɓa gindi da gefe. Zaren tangistin, ƙarfen da ke cikin ƙwayayen da suka zo daga baya, in yana da sanyi ba ya wuce 'yan gomomi. Gawayi sai ka ga ɗaruruwa, domin shi halinsa a juye yake, sai ya yi zafi turjiyarsa ke raguwa. In mita ta yi shiru, zaren ya riga ya tsinke.

Tunda ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, bari in ɗan ƙara. A makaranta an ce mana Edison ya ƙirƙiro ƙwan lantarki a 1879, aka rufe littafi. Gidajen tarihi su ne ke nuna maka cewa zancen ya fi haka tsawo. Tun farkon ƙarni na 19 Humphry Davy ya nuna hasken da ke tsalle tsakanin sandunan gawayi biyu, kuma a 1878 da irin wannan fitila aka haska wasu titunan Paris, sai dai haskenta ya yi wa ɗaki yawa, ga ƙara ga wari. A Ingila Joseph Swan yana nasa ƙwan a Newcastle a daidai lokacin da Edison ke nasa a Menlo Park, rigimarsu ta ƙare da haɗa kamfani guda a 1883, wanda ake kira Ediswan. Edison ya gwada zaren auduga da aka ƙona, ya zo ya dace da gorar Japan mai kai wa awa 1,200. Akwai kuma baƙar fata, Lewis Latimer, da ya yi rajistar hanyar sarrafa zaren gawayi a 1882. Abin da Edison ya fi kowa shi ne bai tsaya a ƙwai ba: janareta, waya, fiyus, mita, duk ya haɗa, ya kunna tashar Pearl Street a New York ranar 4 ga Satumba 1882. Tangistin ya zo daga baya, William Coolidge ya gano yadda za a ja shi ya zama waya a 1910, shi ya kori gawayi daga kasuwa.

Na taɓa zuwa kwas Amurka na leƙa gidan tarihin Smithsonian a Washington, inda suka jera ƙwayaye tun daga na Edison. Abin da ya tsaya mini a rai ba ƙwayayen ba ne, 'yan katunan da ke gabansu ne: wane ne ya ƙera, a ina aka yi amfani da shi, wa ya kawo. A Dearborn ma Henry Ford ya sake gina ɗakin gwajin Menlo Park a 1929, don cikar ƙwan shekara 50. Mu nan Zaharan muna da zauren makamashi a cibiyar al'adu ta Ithra, kusa da rijiyar Dammam mai lamba 7 da ta fara ba da mai a Maris 1938, amma shi ya fi karkata ga man fetur da koya wa yara kimiyya. Yana da kyau ka kai ɗanka.

Abu Haraj ya amsa:

Injiniya ya gama magana, ni dai ta kasuwa zan faɗa. Alhaji kada ka sa rai da wani kuɗin kirki. An ƙera irinsu miliyoyi, kuma ko a haraj, wato kasuwar gwanjo, ta Sawarikh a Jidda wani lokaci ana cin karo da su a cikin tarkace. In ka kai, za su taya maka kuɗin shayi, gobe ka gan shi a kanti an rubuta "turasi", wato kayan tarihi, da farashi ninki goma. Itrik ɗin Baba in yana nan, shi ya fi samun masu so, musamman gab da azumi. Ni kam da zan ba da shawara, abin uba ba a kai shi haraj.

Hajiya Ta Anbariyya ta amsa:

Ɗana, Allah ya ji ƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ni ba injiniya ba ce, malamar yara ce da ta yi ritaya a Madina, amma ina so in tuna maka wani abu. Kada ka ga kamar tarihin fitila na Turawa ne su kaɗai. Malamai sun ruwaito cewa Tamimud Dari, Allah ya ƙara masa yarda, shi ne farkon wanda ya kunna fitilu a masallaci, ya zo da su da mai daga Sham, kafin nan ganyen dabino ake ƙonawa. Ƙarnoni bayan haka Agawat, hadiman masallacin, ne ke da hidimar kunna fitilun mai a Harami kowace magariba. Sai a ƙarshen mulkin Sarkin Musulmi Abdulhamid na biyu na Turkiyya, wajen 1909, aka sa wa Masallacin Annabi (SAW) wutar lantarki, shi ne wuri na farko da ya samu a duk tsibirin Larabawa. Jirgin ƙasan Hijaz ya iso Madina a 1908, tasharsa ce nan kusa da mu da aka mayar gidan tarihi. Ka ga ke nan ƙwai irin naka sun yi zamani da wannan.

Ban ce naka daga Harami ya fito ba, kuma kai ma kada ka ce. Mutanenmu da saurin ɗora labari: yau ka ce "wataƙila", jibi jikanka ya rantse da Allah a kai. Abin da za ka yi, ka zaunar da Inna bayan la'asar, ka dafa mata shayi, ka kunna rikoda a waya. Ka tambaye ta sunan tsohon nan, ɗan wace ƙasa ne, a wace unguwa shagonsa yake, wace shekara Baba ya fara aiki da shi. Ko ba ta san shekara ba za ta ce "shekarar da aka haifi wance", kai ka lissafa. Sannan ga gidan nunin gine-ginen Harami biyu nan Ummul Jud a garinku, ka je ka ga yadda suka ajiye tsohon bakin rijiyar Zamzam da gugarta, kowanne da bayaninsa.

Ɗan Mai Wurno ya amsa:

Yaya, labarin Baba ya taɓa ni, don ta ƙofar gidanmu irin su suka bi. Abin da kuke ce wa itrik mu a Sudan ratina muke kiransa. Ina yaro a Mai Wurno, madatsar Sinnar tana nan kusa tun 1925, an sa mata injin wuta a 1962, amma mu da aci-balbal da fitilar ƙwai muka yi karatun allo. Ratina sai biki ko mauludi, a yi ta famfo ana zuba sipirit, ƙwari su taru kamar an yi musu shela. Alhali Khartum ta ga lantarki tun 1908 da ɗan janaretan Burri mai kilowat 100.

In ka samu itrik ɗin, kada ka taɓa 'yar rigar nan fara da ke ciki, toka ce tsaye, ko numfashi mai ƙarfi yana zubar da ita. Tsofaffin ma da sinadarin toriyam ake jiƙa su, bai kamata yara su shaƙa ba. In ka ga an rubuta Petromax, ɗan Jamus ne, asalinsa Berlin 1910.

A kan kai wa gidan tarihi kuwa, ni zuciyata ta rabu biyu. Da ni ma cewa zan yi ka kai. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023 muka ga yadda aka wawushe gidan tarihin ƙasa na Khartum, kayan dubban shekaru aka loda a mota. Abin da ya rage wa masu nema yanzu hotuna ne da rajista. Don haka ko ka bayar ko ka riƙe, ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe, har da takardar wuyan, ka tura wa 'yan uwa a Kano su ma su ajiye.

Ɗan Misfala ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Injiniya, na kai wa wani ɗan Bangaladash mai shago a layinmu. Da farko ya miƙa hannu zai ɗaura a soket ɗin gwajinsa, sai da na riƙe masa hannu. Ya sa mita, ta nuna 410. Ya sake taɓawa, 410. Ya dube ni ya ce zaren yana da rai. Wallahi sai da na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro, a tsakiyar shagon mutane.

Hajiya, na bi maganarki. Inna ta yi kusan awa guda tana magana. Sunan tsohon ya kwanta mata, amma ta ce mutumin Bukhara ne, shagonsa wajen Jarwal, kuma Baba ya fara aiki da shi kafin a ɗaura musu aure. Ta ce ran da aka ja wuta ɗakinsu, ƙwai guda ne a rataye a tsakiyar rufi, ta kasa barci don tana ganin kamar ana kallonta, har ta ɗaure shi da kallabi, kallabin ya fara ƙauri, Baba ya tashi yana salati. Wannan labarin ban taɓa ji ba sai jiya.

Abu Haraj, itrik ɗin yana nan, ashe yana gidan yayata a Jidda, ta ce in ma daina tunaninsa. Ƙwan kuma na mayar da shi gwangwaninsa da sabuwar auduga, ban wanke shi ba don kada takardar ta ɓare. Ɗana yana rubuta abin da Inna ta faɗa da Hausa da Larabci, za mu naɗe mu sa a ciki. Ranar Asabar in ba ni da lodi zan leƙa Ummul Jud, amma da hotuna kawai zan je tukuna. Ƙanena har yanzu yana cewa a nemo taransifoma mai 110 a kunna ko na minti ɗaya ne don Inna ta gani. Injiniya, me ka ce a kan wannan?