Wata mata ta tare 'yata a hanyar Islamiyya: in kai wa 'yan sanda ko in bar maganar?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don tun ranar Talata ban yi barcin kirki ba. 'Yata mai shekara shida tana dawowa daga Islamiyya da yamma tare da yayanta, shi kuwa ya tsaya kallon 'yan ƙwallo. Sai wata mata cikin hijabi ta tare ta a bakin layi, ta miƙa mata alawa, ta ce wai ni na aiko ta, ina asibiti, ta zo su tafi. Har sunana ta faɗa. Allah ya sa mai shagon kwanar ya san yarinyar, ya tambayi matar ina za ta kai ta. Ko kallonsa ba ta yi ba, ta tsayar da adaidaita ta shige.

Maigidana ya ce tunda Allah ya tsare a bar maganar, wai da zarar ka je caji ofis kuɗin takarda da kuɗin mai za a fara tambayarka, ga shi ba abin da aka ɗauka. Ni kam hankalina bai kwanta ba. Ban manta da yaran nan tara da aka gano a Onitsha a 2019 ba. Daga nan wajejenmu aka kwashe su, su Hotoro da Yankaba da Kawo da Sauna, aka sauya musu suna.

Shin 'yan sanda za su saurare ni a kan abin da bai kai ga faruwa ba? Sannan me zan gaya wa yarinyar? Mu an tashe mu a kan duk babba ubanka ne, in ya aike ka ka tafi da gudu. Yanzu in ce mata kada ta kula kowa, gobe a ce na ɓata tarbiyyarta?

Tsohon Sufeto:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ku je ku kai, kuma gobe ba jibi ba. Yunƙurin sace yaro laifi ne ko da bai yi nasara ba. Ku tafi da mai shagon tun bai manta kamanninta ba, shi ne shaidarku. A kantar caji ofis ɗin ku tabbatar an rubuta a littafi, ku riƙe sunan wanda ya rubuta. In aka fara yi muku yawo da hankali, ku nemi ganin DPO, haƙƙinku ne.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ta san sunanki. Wannan ba tsautsayin kan hanya ba ne, ko ta daɗe tana lura da gidanku ko wani ya ba ta labari. Da ta rasa taki, layin gaba za ta nufa. In kowa ya yi shiru kamar yadda maigidanki yake so, a takarda unguwarku lafiya lau take, ba mai turo sintiri.

Batun kuɗi ba zan rufe miki ba, ana yi, na gani da idona. Amma a doka kai rahoto kyauta ne, kuma rundunar tana da sashen karɓar ƙorafi a kan jami'anta. Ki ajiye 112, lambar kiran gaggawa, a wayarki. Akwai kuma NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane da aka kafa a 2003, suna da ofis a Kano. Wancan na Onitsha da kika ambata, babbar kotun Kano ta ɗaure jagoransu shekara 104 a 2021.

Malamar Islamiyya:

'Yar uwa, Allah ya ƙara tsarewa. Ni a kan tambayarki ta biyu zan yi magana. "Kada ki bi baƙo" ba ta isa ba. Ki tuna Hanifa, 'yar shekara biyar, a Disambar 2021. Ita ma daga Islamiyya take dawowa, kuma wanda ya ɗauke ta mai makarantar bokonsu ne, ta san shi sarai, shi ya sa ta bi shi. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022, amma yarinya ta riga ta tafi. A wurin yaro duk wanda ya kira sunan mamansa ya tashi daga baƙo.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne: ki durƙusa ki gaida babba, wannan ladabi ne. Amma bin mutum, ko shiga abin hawansa, ko karɓar abin ci, sai an zo gida an tambaya, ko da malaminki ne, ko da ni ce. Ki koya mata ta ce "bari in je in gaya wa Mama tukuna", ta juya ta tafi. Babban kirki ba zai ji haushi ba. In an riƙe mata hannu, ta yi ihu ta ce "ba mamata ba ce", don in kuka kawai take, masu wucewa za su ɗauka rigimar yara ce. Ku riƙa gwadawa a tsakar gida kamar wasa, yara sun fi riƙe abin da suka yi da bakinsu.

Kuma ki je makarantar ki rubuta musu waɗanda aka yarda su ɗauke ta. Yayan nata ma yaro ne, kada a dake shi, amma rakiya ta fi ƙarfinsa.

Baban Yara na Kurna:

Ranka ya daɗe Sufeto, ban ƙi taka ba, amma da ɗan ƙanwata ya ɓata, a caji ofis ce mana aka yi mu dawo bayan awa 24. A gidan wani mai unguwa muka same shi, bayan an yi cigiya a lasifikar masallaci da gidan rediyo. Don haka Hajiya, mai unguwa da 'yan sintirin layinku su fara sani. Ki kuma ajiye sabon hoton kowane yaro a waya. Mu hoton goyo muka riƙa nunawa, yaro yana aji biyu.

Roƙona ɗaya, kada a baza siffar matar a WhatsApp. "Doguwa mai hijabi" rabin matan gari ke nan. Wata baiwar Allah za ta tsaya tambayar yaro hanya, a yi mata ihun ɓarauniyar yara, kafin a gane gaskiya an illata ta.

Uwar Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na nuna wa maigidan, ya ce zai fara ganin mai unguwa bayan magariba. Baba Sufeto, dole ne a tafi da yarinyar? Tun ranar ko ƙofar gida ba ta son leƙawa.

Tsohon Sufeto:

Zuwan farko ba sai da ita ba, ku da mai shago kun isa. In sun buƙaci jin ta bakinta, ki nemi mace 'yar sanda, a keɓe su a ɗaki, ke kina zaune, a tambaye ta sau ɗaya a gama. A gida ma ku daina sa ta maimaita labarin ga duk wanda ya zo jaje.

Kai kuma ɗan'uwa na Kurna, wanda ya ce muku awa 24 lalacinsa ya faɗa. Ba dokar da ta ce a jira kafin a karɓi rahoton ɓatan yaro. A sa'o'in farko ne ake tare tashoshin mota, kafin a fita da shi daga gari. A yi cigiyar, a je wa mai unguwa, a kai rahoto, duk lokaci guda, kowa a cikin dangi ya ɗauki ɗaya.